Ɗakin da Aka Ɗora wa Tarakta

Gonar da ke gabas da gidanmu a Bomo an yanka ta fuloti-fuloti, har an fara zuba bulo. Ɗakunan haya za a yi wa ɗalibai, kamar yadda aka yi da sauran. Ina zaune a ƙofar gida ina kallon tifa tana juye yashi a daidai wurin da dawa takan fi mutum tsayi. Gonar ba tamu ba ce, ban da ko taki ɗaya a cikinta. Amma akwai wata damina da na bar rabin raina a gonar nan, kuma in an rufe ta da siminti ba sauran wanda zai nuna wa wani inda abin ya faru.

A wancan lokacin Bomo ƙauye ne sosai, ɗaliban da ke cikinmu ba su da yawa, kuma sukan gaishe mu. In ruwan farko ya sauka, ƙanshin ƙasa ne zai tashe ka kafin zakara. Kwaɗi su kwana suna kuka a kududdufi, da safe ka ji ƙarar dutse a bakin fartanya daga kowane gida. Mu mata mu fito da iri daga rumbu, mu sheƙe, mu tsince, mu gauraya da toka. Jakuna suna wucewa da mangalar taki, yara suna binsu da tsumagiya. Tsofaffinmu ba su yarda a yi hira mai tsawo a wannan lokaci ba. Surukata, Allah ya ji ƙanta, takan ce in ƙasa ta jiƙe, ko gaisuwar mutuwa a tsaye ake yinta. Yanzu ruwan farko yakan sauka ya wuce ban ji komai ba sai janareto da kiɗan wayoyi, kuma yarinya za ta wuce ni da kunnuwa a toshe, ko kallo ban ishe ta ba.

Cikin waɗannan muryoyi na safiya akwai wadda ta fi kowace kusa da ni, ita ce ta taraktar babban ɗana. Tsohuwa ce, ja, fentinta ya koɗe. A gwanjo ya same ta bayan rasuwar ubansa, ya yi ta lallaɓa ta har ta tashi. Kafin gari ya waye zai kunna ta, ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama, kwanukan da ke kan kantata su hau rawa. Da ita yake yi wa mutane haro da huɗa, daga Bomo har bayan Samaru, wani lokaci har Hanwa. Da ita muke ci, da ita ake biya wa ƙannensa makaranta. Sai dai a fili yake zama a kanta. Rana ta gasa shi har fatar wuyansa ta saɓule, ruwa ya zo ya dake shi, ya dawo gida yana rawar sanyi, ƙirjinsa yana kuka kamar na tsoho. Matarsa Saratu ta yi ta dafa masa citta da kanumfari. Ni kuma ina kallo daga ƙofar ɗakina.

Wata rana ya ga irin manyan taraktocin da ake gwaji da su a gonakin jami'a, masu ɗakin gilashi, direba yana zaune a ciki da farar riga. Daga ranar bai sake zama lafiya ba. Ya riƙa zana abu a ƙasa da tsinke yana sharewa, ya riƙa auna taraktar da igiya. Da rani ya tafi da ita Sabon Gari wurin wani mai walda, Oga Chidi, wanda aka haifa a can, Hausa a bakinsa kamar tamu. Suka haɗa ƙarafa suka yi ginshiƙai, suka rufa da kwano. Gilashin gaba daga wata matacciyar bas ya samo shi a wajen masu kayan gyara na Dogarawa, na gefe kuma daga wata motar daban, shi ya sa ɗaya ya fi ɗaya duhu. Aka yi masa ƙofa, aka sa mata sakata ta ciki irin ta ɗakin kwana, don wai tana bugawa in an shiga gargada.

Ranar da ya shigo da ita unguwa, yara suka bi shi da ihu har ƙofar gida. Maƙwabcinmu Baba Audu, mai gonar nan ta gabas, ya zagaya ta yana riƙe da haɓa, ya ƙwanƙwasa kwanon da sandarsa.

"Saura katifa da labule," ya ce. "Saratu, ki yi hattara, mutum ya gina ɗaki bai gaya miki ba."

Saratu ta ce ai ita za ta ɗinka labulen da hannunta, in ya so ta ga wadda za ta shiga. Aka yi ta dariya. Kuma ta yi abin da ta faɗa, ta ɗinka masa matashi, ta yayyanka tsohon tiyub na taya ta cusa a duk wata kafa da ta gani tsakanin gilashi da ƙarfe, don kada ɗigon ruwa ya taɓa mata miji. Ta yi aikin da kyau ƙwarai. Ko iska ba ta samu wurin shiga ba.

Ni ma na zagaya taraktar bayan kowa ya watse. Ban san sunan komai a jikinta ba, amma na san kamanninta kamar yadda na san fuskar akuyata. Bututun hayaƙin da a da yake tsaye a gaba, yana tofar da baƙi sama, babu shi. Na tambayi Saratu ina ya tafi. Ta ce an lanƙwasa shi an mayar ƙasa, domin da aka ƙara masa tsawo ya wuce rufin sai ya riƙa kamo wayoyin wuta da ke rataye a lungunanmu da na Samaru, har wani mai shago ya kusa dukansa. Na durƙusa na leƙa. Bakin bututun yana ƙarƙashin inda yake ajiye ƙafafunsa, kuma akwai ramukan da ƙarafan birki suka ratsa. Na tashi na karkaɗe zanina.

Damina ta kama, aiki ya yi masa yawa. Da farko sai murna. Ruwa yana zuba sauran direbobi suna fakewa a gindin mangwaro, shi yana ta aiki, ya dawo rigarsa a bushe. Tarin ƙirjin ma ya tafi. Mutane suka yi layi a ƙofar gidanmu tun da asuba, kowa yana so a fara da tasa. Sai kuma ciwon kai ya shigo. Ya dawo da yamma idanunsa jajur, ya ture tuwo, ya kwanta a tabarma da takalmi a ƙafa. Yaron da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya fara yi wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya fara mantuwa. Ya yi wa wani huɗa a gonar da ba tasa ba. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sha magani bai ji sauƙi ba. Aka ce taifod, aka yi masa allurai. Matan cocinmu suka zo suka yi addu'a a tsakar gida, suna fita ina jin wata tana raɗa wa Saratu cewa tun da ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a garin nan, dole idanu su hau shi, ta bincika cikin sauran masu tarakta. Saratu ta fara zargin mutanen da muka zauna lafiya da su tun kafin a haife ta.

Ni abin da na lura da shi daban ne. Ran Lahadi lafiyarsa ƙalau. Ya ci abinci, ya yi waƙa a coci, ya ɗauki 'yarsa a wuya. Ran Litinin da yamma kuma ya dawo kamar an ɗaure masa kai da igiya. Saratu ta ce ai shi ne shaidar cewa aikin mutane ne, tun da abin ba ya iya kusantarsa a ranar Ubangiji. Ban yi mata gardama ba. Na jira ta jiƙa kayansa za ta wanke, na ɗauki rigar na kai hanci. Ba warin gumi ba ne, ba na man gas da na saba ji a hannunsa ba. Wari ne mai nauyi da ya shige cikin zaren, kuma jinsa ya mayar da ni wani ɗaki da na daɗe da mantawa.

A ƙauyenmu, lokacin da nake yarinya, mai jego a gadon ƙasa take kwana, a hura garwashi a ƙarƙashinsa don jikinta ya gasu. Ni ma a kan irinsa na yi jegon wannan yaron. Kakata ce take kula da ni, kuma ko ana sanyi mai fasa leɓe ba ta yarda a ja asabari har ƙasa ba, kuma akwai wata 'yar kafa a saman bango da ta hana kowa toshewa. In na yi ƙorafi sai ta ce in yi shiru, wutar ɗaki ba ta ƙona mai jego, lallashinta take yi har ta yi barci. Ta ba ni labarin wata maƙwabciyarta da uwar mijinta ta toshe mata ko'ina da tsumma saboda tausayi. Matar ta yi ta kukan ciwon kai ana ba ta kunun kanwa, har wata safiya aka kira ta ba ta amsa ba. Ina tsaye da rigar ɗana a hannu, na tuna ciwon kan, na tuna tsumman, na dubi tiyub ɗin da Saratu ta cusa da hannunta.

To, a nan ne wahalata take. Ɗan fari ne. A yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta goya shi, ita ce mai yi masa faɗa da wasa, kuma ta riga ta rasu. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In ina son abu sai in ce a gaya wa mai taraktar, ko da yana tsaye a gabana. 'Yan yanzu suna jin wannan su yi dariya, suna rungumar 'ya'yansu a titi suna kiransu da sunaye iri-iri. Mu a wurinmu alkunya ce, kuma da ita muka san mutum ya samu tarbiyya. Don haka na kira Saratu na ce ta gaya masa hayaƙi yana shiga ɗakin nan, ya cire gilashin gefe, ko ya bar ƙofar a buɗe. Ta gaya masa ina jinsu ta bayan zana. Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce a gaya wa Inna inji ba murhu ba ne, hayaƙin ƙasa yake bi ya wuce baya, kuma in ya buɗe ƙofa reshe zai fizge ta. Ya ce in damina ta yi nisa aiki ya ragu zai duba. Saratu kuwa ranta ya ɓaci, ta ɗauka ina cewa ita ce ta jawo.

Washegari na ɗaura zanin fita na hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, ni da ban cika zuwa can ba sai sayayyar Kirsimeti. Na yi ta tambaya cikin ƙarar guduma da tartsatsin wuta har aka nuna mini rumfar Oga Chidi. Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya sa aka kawo mini benci. Na faɗa masa abin da na gani. Bai katse ni ba. Da na zo kan tiyub ɗin da aka cusa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Mama, an toshe gefen duka? Ni na bar wurin a buɗe da gangan. Na ce masa iska ta riƙa ratsawa."

Na ce an toshe, ko allura ba ta shiga. Ya goge hannu a wando. Ya ce shi ma bai so mayar da bututun ƙasa ba, amma ba su ga wata dabara ba a ranar. Ya ce in koma in hana shi hawa, gobe zai zo Bomo da kayan aikinsa. Na tambaye shi ko abin yana iya jira har goben. Ya dube ni, ya fita da kansa ya tsayar mini da ɗan acaɓa.

Ban taɓa hawa mashin ba sai ranar. Na riƙe rigar yaron da hannu biyu, muka ratsa Hanwa, muka bi titin Samaru, hadari yana haɗuwa a gabas, iska ta tsaya cak, zafi kamar a cikin tukunya. Irin ranar da ɗana zai rufe ƙofa ya ja sakata ke nan. A gida Saratu ta ce yana gonar Baba Audu tun safe, bai dawo cin abinci ba. Ban shiga ba, na wuce.

Tun daga nesa na san ba lafiya, domin na ga huɗar. Yaron nan layinsa a miƙe yake kamar an ja zare, da shi ake yabonsa. Ranar layukan farko ne kawai a miƙe, na bayansu sun fara karkacewa, na ƙarshe ya bar gonar gaba ɗaya ya nufi ramin da ake ɗibar ƙasar gini, wanda ruwa ya cika. Taraktar tana tafiya a hankali, ba mai juya ta. Baba Audu yana binta a guje da tsufansa yana dukan kwanon da sanda. Ta cikin gilashi mai duhun na hango kansa a kife a kan sitiyari.

Na yi gudu, zanina ya kama ƙafata na faɗi, na tashi. Na ji wata murya tana kiran Dauda, Dauda, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, kuma tawa ce. Bai ɗago ba. Ɗakin da ya hana ruwa shiga ya hana murya ma. Abin da ya tsayar da ita kututturen wata ɗorawa ne da aka sare tun da daɗewa. Garmar ta sarƙe a saiwarsa, tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka, ramin yana gabanta kaɗan. Na ja ƙofar, sakata tana ciki. Na fizge fartanyar da ke kafaɗar Baba Audu na kai wa gilashin gefe sara. Na farko ya zame, na biyu ya tarwatsa shi. Wani zafi da wari suka bugi fuskata har na ja baya. Baba Audu ya zura hannu ya zare sakatar, ya ja abin da ake kashe injin da shi, muka jawo shi ƙasa tare. Jikinsa ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗora kansa a cinyata a cikin lakar, ina yi masa fifita da gefen mayafina, ina faɗa masa sunansa a kunne a hankali. Ruwan ya sauko a kanmu. Can ya ja wani dogon numfashi, ya juya ya yi amai.

A asibiti suka ce hayaƙi ne da zafi, kuma da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Ya yi kwanaki a can. Saratu ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana cewa da hannunta ta toshe. Na ce mata ta tashi ta wanke fuska, wanda ya toshe don ƙauna da wanda ya lanƙwasa don wayoyi da wanda ya sa sakata duk abu ɗaya suke so, kada yaron ya wahala. Bai taɓa yi mini maganar abin da ya ji ko bai ji ba a gonar, ni ma ban tambaya ba. Mantuwar ta daɗe kafin ta sake shi, kuma har yau in yana wuri mai cunkoso yakan nemi bakin taga.

Na so a ce ya cire ɗakin gaba ɗaya ya jefar. Bai yarda ba, kuma damina ba ta ƙare ba, mutane suna jira. Oga Chidi ya zo har gida da injin waldarsa a bayan wata motar ɗaukar kaya. Suka cire gilasan gefe da ƙofar, aka bar rufi da na gaba kawai. Aka toshe ramukan ƙasa, aka mayar da bututun sama ya wuce rufin sosai, suka yi masa gaɓa yadda zai kwantar da shi in zai ratsa lungu, ya tayar in ya isa gona. Ruwa zai riƙa feso masa ta gefe, ya ce ya ji, zai sa leda. Saratu ta kwashe tiyub ɗinta ta kai bola da kanta.

Da safen da zai koma aiki na riga shi fita. Ya zo ya same ni a tsaye a jikin tayar. Na ce wa Saratu ta gaya wa mai taraktar ya kawo turmi in taka, zan hau. Baba Audu, da ya zo a ƙarasa masa gonarsa, ya ce to ga amaryar ɗakin ta iso, a yi guɗa. Ban kula shi ba. Na hau na zauna a kan ƙarfen da ya rufe taya, na riƙe ginshiƙi. Muka ratsa unguwa mutane suna leƙowa, muka isa gona, ya sauka ya tayar da bututun, ya saki garma. Ƙarar ta cika mini kai, ƙasusuwana duk suka motsa. Ina zaune ina shaƙar iskar da yake shaƙa, ina kallon hayaƙin yana tashi sama yana bin bayanmu. Ya kai ƙarshen gona ya juyo, ya dube ni, na yi masa alama ya ci gaba. Sai da rana ta ɗaga sosai, na tabbata kaina bai sara ba, kuma ba abin da ke hancina sai ƙanshin sabuwar ƙasa, sannan na taɓa kafaɗarsa ya tsaya.

Ya riƙe hannuna na sauka. Ya tsaya yana jira, kansa a ƙasa, ba Saratu a kusa da za a aika.

"Je ka yi aikinka," na ce masa. "In rana ta take ka dawo ka ci abinci."